Mulyono: Nauyin Suna da Ikon Yin Fushi a Ƙasar Jawa

A watan Agusta na 2024, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka cika titunan Jakarta da Yogyakarta da Semarang suna adawa da yunƙurin majalisar dokokin Indonesiya na sauya dokar zaɓen gwamnoni, wani suna ya yi ta yawo a kafofin sada zumunta da kwalayen masu zanga-zanga, sunan da bai taɓa fitowa a takardar zaɓen shugaban ƙasa ba: Mulyono. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗauka wani ƙaramin minista ne ya yi laifi, alhali kuwa shugaban ƙasa na lokacin ake nufi, Joko Widodo, wanda duniya ta fi sani da Jokowi. Mulyono shi ne sunan da iyayensa suka raɗa masa da aka haife shi a Surakarta a 1961. Yaron ya yi ta laulayi, iyayen suka ga sunan ne bai karɓe shi ba, suka canja masa da Joko Widodo, wato saurayi mai lafiya da tsira. Kalmar mulya ɗaukaka take nufi, babu zagi a cikinta ko ƙanƙani. Duk da haka masu zanga-zangar sun san inda suka dosa. Sun mayar wa mutumin sunan da ya kasa ɗauka yana jariri, kuma sun kira shi gatsal, ba tare da Pak ba, wato Baba ko Malam, wanda ake sa wa kowane magidanci a gaban sunansa. A al'adar Jawa, ƙabilar da Jokowi ya fito daga cikinta, kiran babba da tsurar sunansa laifi ne mai sunan kansa, njangkar.

Na fara da wannan labari ne domin ya haɗa abubuwa biyu da masu nazarin harshe suka saba ɗauka daban-daban, wato yadda mutanen Jawa suke raɗa suna da yadda suke furta abin da ke ransu, musamman fushi. Yau a tsakiya da gabashin tsibirin Jawa ana ta kukan cewa duka biyun suna lalacewa: iyaye sun daina sa wa 'ya'yansu sunayen kakanni, matasa kuma sun kasa yin harshen girmamawa, sai ashar a baki. 'Yan majalisa da jami'an ilimi suna ganin doka da manhaja za su gyara lamarin. Ni kuwa ra'ayina shi ne yawancin masu wannan kuka ba su taɓa zama a ƙasan tsanin da suke begensa ba. Tsohon tsarin yana da kyau na gaske, zan kuma faɗi kyawunsa, amma talaka ne ya riƙa biyan kuɗin wannan kyau, da sunansa da kuma haɗiye fushinsa.

Mutanen Jawa, waɗanda ƙidayar 2010 ta nuna sun kai kusan miliyan 95, wato kashi 40 cikin ɗari na al'ummar Indonesiya, suna ɗaukar suna a matsayin addu'a, kuma a matsayin kaya mai nauyi. Bisa al'ada ana raɗa wa jariri suna a rana ta biyar, a wata 'yar walima da ake kira sepasaran, inda ake dama kunun shinkafa kala biyu, fari da ja, ana alamta uba da uwa da su. Idan yaro ya cika rashin lafiya sai a ce kabotan jeneng, suna ya yi masa nauyi, a sake dama kunun a sauke masa. Shugaban ƙasar na farko ma haka ta faru da shi: an haife shi a Surabaya a 1901 da sunan Kusno, ciwo ya dame shi, mahaifinsa ya mayar da shi Sukarno, daga sunan jarumi Karna na labaran wasan inuwa da ake kira wayang. Wannan su da ke farkon Sukarno da Suharto da Susilo daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ya zo, ma'anarsa mai kyau. Suna kuma yakan girma tare da mai shi. Namiji yakan bar sunan yarinta ya ɗauki sunan manyanta idan ya yi aure ko ya sami muƙami, alhaji yakan dawo daga Makka da sabon suna, kamar yadda Muhammad Darwis ya zama Ahmad Dahlan, wanda ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912. Sarkin Yogyakarta na yanzu an haife shi Herjuno Darpito, ya zama Mangkubumi, sannan da ya hau gadon sarauta a 1989 ya zama Hamengkubuwono na goma, mai riƙe da duniya a cinyarsa.

To amma wane ne yake auna nauyin, kuma wa aka yarda ya ɗauki mai nauyi? Nan ne maganar take. Ɗan sarauta, ajin da ake kira priyayi, shi ne mai dogon suna na Sanskirit irin su Sosrodihardjo da Djojohadikusumo, da laƙabin Raden ko Raden Mas a gaba. Ɗan manomi kuwa sau da yawa ranar kasuwa ce take ba shi suna. Jawa tana da mako na kwana biyar, Legi da Pahing da Pon da Wage da Kliwon, wanda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da mako na kwana bakwai, su haɗu duk bayan kwana 35. Wanda aka haifa ranar Pon sai ya zama Poniman ko Ponimin, mace ta zama Ponirah ko Poniyem, na Wage ya zama Wagimin, ta Wage ta zama Wagiyem, na Legi Legimin. Wasu kuma addu'a ce gajeriya mai gaɓa biyu: Slamet, tsira, daga kalmar Larabci da muka sani, Urip, rai, Bejo, mai sa'a. Masanin harshe ɗan ƙasar Holan E. M. Uhlenbeck ya nuna tun a 1969 cewa sautin sunan kansa, musamman ƙarshensa, yana shaida jinsin mai shi da kuma ajinsa. Da jin yem ko nem a ƙarshen sunan mace, magatakardan ofis ya riga ya san daga ƙauye ta fito, ya kuma san da wane harshe zai yi mata magana. Imanin cewa babban suna zai sa ɗan talaka ciwo ya yi wa masu sarauta aiki fiye da kowane dogari, domin uban yaron ne da kansa yake tsare iyakar, cikin tsoron kada ya rasa ɗansa.

Mai karatu Bahaushe zai ce ai mu ma muna da Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai, muna da Tanko da Kande da Auta, har da irin su Ajuji da Ayashe da ake sa wa ɗan wabi. Haka ne, kuma kamannin yana da ban sha'awa. Sai dai a wurinmu sunan rana laƙabi ne da yake zaune a kan sunan yanka, kuma sunan yankan ɗaya ne ga kowa: Muhammadu ɗan sarki, Muhammadu ɗan maƙeri. Ita kuwa Wagiyem ba ta da wani suna a ƙarƙashin wannan, shi ne a takardar makaranta, shi ne a takardar aure, shi ne kuma abin da mai ɗaukar ma'aikata zai fara gani kafin ya ga fuskarta.

Shi ya sa ban yi mamakin abin da binciken Joel Kuipers da Askuri ya gano ba. A aikin da suka wallafa a 2017 sun duba sunaye sama da miliyan 3 daga rajistar gundumomi uku, Bantul da Lamongan da Lumajang, suka ga sunayen Jawanci zalla suna raguwa daga tsara zuwa tsara, na Larabci da na haɗin gambiza suna ƙaruwa, sunayen kuma suna ƙara tsawo. Ana iya karanta wannan a matsayin ƙaruwar riƙo da addini, kuma akwai gaskiya a ciki, domin karatun Alƙur'ani da makarantun Islamiyya sun yaɗu ƙwarai a shekarun nan. Amma ina ganin akwai wani abu kuma. Sunan Larabci ba ya cikin tsanin fada. Jikar Poniyem da aka sa wa Aisyah ko Nur ko Zahra ta fita daga ma'aunin da ya ce wannan suna ya fi ƙarfinta, kuma babu mai iya gane gonar kakanta daga katin shaidarta. Iyayen da suka yi haka ba su watsar da al'adar suna addu'a ne ba, ita ce ma suke bi sau da ƙafa, sai dai sun daina yarda cewa addu'ar talaka dole ta zama gajeriya.

Hukuma ta shigo maganar ta ƙofa biyu masu karo da juna. A farkon 2018 'yan majalisar gundumar Karanganyar, kusa da Surakarta, sun tayar da batun dokar kare al'adu wadda za ta taɓa har sunayen da iyaye suke sa wa 'ya'yansu, domin a rage sunayen Turawa, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasar. Sai kuma a 2022 ma'aikatar harkokin cikin gida ta fitar da ƙa'ida mai lamba 73, wadda ta ce sunan da za a rubuta a takardun hukuma ya zama aƙalla kalma biyu, kada ya wuce harafi 60, ya zama mai sauƙin karantawa, kada kuma ya ɗauki mummunar ma'ana. Jami'ai sun bayyana cewa batun kalma biyu shawara ce domin sauƙin fasfo da tafiye-tafiye. Dalilin ba na banza ba ne, duk wanda ya ga yadda mai suna ɗaya yake wahala da takardar biza zai fahimta. Amma a lura da abin dariyar: wani ɓangare na hukuma yana so a koma sunayen gargajiya, wani ɓangaren yana ba da shawarar a bar siffar da ta fi kowace zama ta gargajiya, wato suna guda tilo. Da wannan ƙa'ida Sukarno da Suharto, waɗanda suka mulki ƙasar tun daga 1945 har 1998, sai an ba iyayensu shawara su ƙara kalma. Tun a zamaninsa ma 'yan jaridar Turai sun riƙa liƙa wa Sukarno sunan Ahmad domin sun kasa yarda mutum zai rayu da suna ɗaya.

Harshen kansa tsani ne, kuma ya fi na suna tsauri. Jawanci yana da matakai: ngoko, wanda ake yi da aboki da ƙane da na ƙasa, kuma shi ne harshen da mutum yake tunani da shi; krama, na girmamawa; da wani na tsaka-tsaki da ake kira madya. A kan waɗannan akwai wasu kalmomi na musamman na ɗaukaka wanda ake magana da shi da na ƙasƙantar da kai. Wannan ya wuce a ce ranka ya daɗe a farkon jimla, domin kalmomin yau da kullum ne suke canjawa ɗungurungum. Cin abinci mangan ne a ngoko, nedha a krama, dhahar idan babba ne yake ci. Barci turu ne, ko tilem, ko sare. Gida omah ne, ko griya, ko dalem. Kai ko ke kowe ne, ko sampeyan, ko panjenengan. Mutum ba zai iya tambayar wani ko ya ci abinci ba sai ya fara yanke hukunci a kan matsayinsu su biyu, kuma idan matsayin bai zo ɗaya ba, na ƙasa ya miƙa krama, na sama ya mayar masa da ngoko.

Hildred Geertz, wadda ita da Clifford Geertz suka zauna a garin Pare na gabashin Jawa a farkon shekarun 1950, ta bayyana yadda ake renon yaro ya shiga wannan tsari ta matakai uku: wedi, tsoro, isin, kunya, sannan sungkan, wanda ya fi kusa da abin da muke kira jin nauyi ko kara. Yaron da bai kai nan ba ana cewa durung Jawa, bai zama mutumin Jawa ba tukuna. Burin tarbiyyar shi ne mutum ya zama alus, mai laushi da natsuwa, ya guji zama kasar, mai kaushi, ya kiyaye rukun, zaman lafiya na fili ko da zukata ba su daidaita ba. Suna da karin magana cewa darajar mutum daga leɓensa take. Ban ga abin rainawa a nan ba. Al'ummar da take zaune a ɗaya daga cikin wurare mafi cunkoso a duniya, gida jikin gida, gona jikin gona, ruwan ban-ruwa ɗaya, tana buƙatar hanyar da maƙwabta za su ƙi juna ba tare da sun fasa unguwa ba, kuma ta samo ta.

Matsalar ita ce kusan duk kalmomin zagi da na huce haushi a ngoko suke. Krama harshe ne mai tafiya a hankali, mai dogayen kalmomi da sassanyar murya, ba a gina shi domin ihu ba. Saboda haka wanda tsarin ya wajabta wa yin krama, wato ɗa ga uba, bara ga ubangida, ɗan haya ga mai gona, da matar gidan sarauta ga mijinta a da, an karɓe masa kayan aikin fushi tun kafin a ɓata masa rai. Idan ya sauko ngoko domin ya faɗi abin da ke cinsa, saukowar kanta ta zama laifin da za a tattauna, a manta da abin da ya jawo ta. Na sama kuwa yana cikin ngoko dama, ko taki ɗaya ba ya buƙatar yi.

Fushin bai mutu ba, hanya ya canja, kuma hanyoyin duk Bahaushe zai gane su. Akwai gaba, wadda suke kira satru ko jothakan, mutum biyu su daina magana na kwanaki ko na shekaru. Akwai habaici da shaguɓe, pasemon. Akwai gatse, nglulu, uwa ta ce wa yaro ya ci gaba da wasan har dare, ai babu komai. Akwai mai ɗauko krama mai nauyi ya yi wa wanda suka saba ngoko da shi, ladabin ya zama mari. Akwai kuma amsa to da ba ta nufin to, har suka yi mata kirari da nggih nggih ora kepanggih, na'am na'am amma ba a ga aiki ba. A zamanin sarakuna talakan da aka zalunta yakan sa fararen kaya ya je filin ƙofar fada ya zauna cikin rana tsakanin manyan itatuwa biyu na tsakiyar fili, ba ya cewa uffan, har sai sarki ya hango shi ya aiko a tambaye shi. Ana kiran wannan tapa pepe. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin shaidar adalcin sarakunan da, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne mutumin da sai ya gasa jikinsa kafin a ba shi izinin buɗe baki. Turawan mulki da masu zuba jari da shugabanni da yawa sun ga murmushi sun ji nggih sun ɗauka yarda ce, kuma Suharto da kansa, wanda ake yi wa laƙabi da janar mai murmushi, ya ga ƙarshen irin wannan lissafi a watan Mayu na 1998, lokacin da zanga-zanga ta tilasta masa sauka daga mulki.

Masu cewa ƙin krama cutar zamani ce da talabijin da wayar hannu suka kawo sun manta da tarihinsu. Kartini, 'yar hakimin Jepara da aka haifa a 1879, ta koka a wasiƙunta ga wata ƙawarta 'yar Holan cewa ƙannenta ba sa iya wucewa ta gabanta sai da rarrafe, ba sa yi mata magana sai da harshen girmamawa da ɗaga hannu na gaisuwa, ta kuma soke wannan tsakaninta da su. Ta nemi a kira ta Kartini kawai. A yankin Blora mabiyan Samin Surosentiko, manoman da suka ƙi biyan haraji, sun riƙa yi wa jami'an mulkin mallaka ngoko da gangan, Turawan Holan suka kama shi a 1907 suka kai shi Sumatra, inda ya rasu a 1914. A ƙarshen shekarun 1910 wata ƙungiya mai suna Djawa Dipa ta tashi a Surabaya da manufar a soke krama baki ɗaya. Raden Mas Suwardi Suryaningrat, wanda ya kafa makarantun Taman Siswa a 1922, ya ajiye laƙabin sarautarsa da ya cika shekara 40 a lissafin Jawa, ya zama Ki Hajar Dewantara domin ya kusanci talakawa. Sannan a ranar 28 ga Oktoba 1928, da matasan ƙasar suka yi alkawarin harshe ɗaya, ba su zaɓi Jawanci ba duk da cewa masu shi sun fi kowa yawa, suka ɗauki harshen Malay na kasuwa da tashar jiragen ruwa. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne harshe ne da direba zai iya yi wa minista gardama da shi ba tare da nahawu ya durƙusar da shi ba.

Ashar ɗin ma, misuh a bakinsu, ta cancanci a saurare ta da kunnen nazari kafin a toshe hanci. Dabbobi suna da kaso babba, asu kare, wedhus akuya, kuma mai jin kunya yakan karkatar da bakinsa a tsakiyar kalma, ya fara asu ya ƙare da asem, tsamiya, ko ya ce jangkrik, gyare, maimakon wata kalmar Surabaya mai nauyi da ba zan fassara ba. Ita wannan kalma ta Surabaya, a bakin abokai biyu da suka daɗe ba su haɗu ba, gaisuwa ce ta ƙauna, kamar yadda wasan taubasai yake halatta abin da zai zama faɗa tsakanin baƙi. Wani nau'in kuma gaɓar jiki ce kawai da wakilin suna: matamu, idonka, cangkemmu, bakinka, ndhasmu, kanka. Zafin ndhasmu daga tsanin harshe yake fitowa, domin kan babba mustaka ne, kan mutum a ladabce sirah ne, endhas kuwa da shi ake kiran kan akuya da na kifi. Ko zagin ma sai da ya ari ma'aunin fada kafin ya yi ciwo. Kuma ba duk Jawa ce Surakarta da Yogyakarta ba: mutanen Surabaya da na Banyumas sun daɗe suna alfahari da faɗin magana ɓaro-ɓaro, ba su kuwa rasa mutunci ba saboda haka.

A duba kuma su wane ne suke furta irin waɗannan kalmomi a bainar jama'a su kwana lafiya. A 1989 Suharto ya yi barazanar zai gebuk, wato ya jibgi, duk wanda ya nemi kawar da shi ba bisa tsarin mulki ba. A watan Oktoba na 2018 Jokowi ya kira wasu 'yan siyasa sontoloyo, kalmar da asalinta makiyayin agwagi take nufi, ta koma nufin shashasha. A watan Disamba na 2023 Prabowo Subianto, yana ɗan takarar shugaban ƙasa, ya ce ndhasmu a taron jam'iyyarsa game da tambayar da abokin hamayya ya yi masa kan ɗa'a, aka yi dariya, mutanensa suka ce raha ce irin ta Banyumas, bayan wata biyu kuma ya ci zaɓe. Ashar daga sama zuwa ƙasa raha ce ko jarumta, daga ƙasa zuwa sama kuwa rashin tarbiyya. Abin da ya ba ni fata shi ne abin da ya faru a ƙarshen 2024, lokacin da wani shahararren mai wa'azi, wanda yake riƙe da muƙamin wakilin shugaban ƙasa na musamman, ya kira wani mai tallan shayin ƙanƙara goblok, wato dolo, a gaban taro a Magelang, na kusa da shi suna ƙyalƙyala dariya, mai tallan yana tsaye da tirensa a ka bai ce komai ba. Hoton ya bazu, jama'a suka yi caa, mai wa'azin ya ajiye muƙaminsa a ranar 6 ga Disamba. Mutanen da suka fusata ba su nemi a soke ladabi ba, sun nemi a biya mai tallan nasa kason ne.

Dole in yi wa masu kukan adalci, domin akwai asara ta gaske. Matasa da yawa a Yogyakarta da Surakarta suna gudu zuwa harshen Indonesiya idan za su yi magana da dattijo, saboda tsoron kada su yi kuskuren krama su sa wa kansu kalmar da ta dace da babba, abin kunya mafi girma a harshen. Binciken Nancy Smith-Hefner a Yogyakarta ya nuna 'yan mata masu ilimi suna kan gaba a wannan ƙaura, kuma su ne iyayen gobe. Kakar da jikanta yake yi mata magana da harshen labaran rediyo ta rasa wani abu da ba a saya a kasuwa. Adabin fada da waƙoƙin gargajiya da wasan wayang, inda kowane jarumi ake gane halinsa daga matakin harshensa, za su zama sai da tafinta. Akwai kuma wani krama da ba na durƙuso ba, wanda baƙi biyu suke yi wa juna a jirgin ƙasa ko a kasuwa, kowa yana ɗaga ɗan'uwansa, babu na sama babu na ƙasa. Wannan idan ya tafi, abin da zai maye gurbinsa ba lalle ya zama daidaito ba, yana iya zama rashin kulawa kawai. Haka ma sunaye irin su Slamet da Urip da Rahayu da Lestari, addu'o'i ne masu kyau da bai kamata a ji kunyarsu ba.

Amma doka ba ta iya dawo da abin da mutane suka bari saboda yana yi musu ciwo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lardin Yogyakarta ya kafa dokar kula da harshe da adabi da rubutun Jawa a 2021, ana kuma koyar da Jawanci a makarantun lardunan da ake jin sa, kuma ban ƙi ko ɗaya ba. Abin tambaya shi ne wane krama ake koyarwa. Idan darasin shi ne yaro ya haddace kalmomin da zai miƙa sama alhali malami yana jefo masa ngoko, to ana koya masa dalilin gudu ne da kuɗin gwamnati. Idan kuwa shugaban makaranta zai yi wa mai shara krama, likita ya yi wa Mbah Wagiyem, wato Kaka Wagiyem, da ta zo daga ƙauye panjenengan, jami'in rajista ya rubuta sunan da uba ya kawo ba tare da ya ɗaga gira ba, ko Paijo ne ko Muhammad Kevin, to harshen zai sami masu so ba tare da an tilasta kowa ba. Sunan Poniyem zai dawo ranar da Poniyem ta zama alƙaliya ba a yi dariya ba, kuma ba majalisar gunduma ce za ta sa wannan rana ba.

Masu zanga-zangar Agusta, waɗanda ake cewa sun manta al'ada, sun nuna sun san ta ciki da bai. Abin da ya fito da su shi ne zargin cewa ana so a lanƙwasa dokar zaɓe, bayan hukuncin kotun tsarin mulki, ta yadda ƙaramin ɗan shugaban ƙasa, wanda bai cika shekara 30 ba, zai iya tsayawa takarar gwamna, alhali babban ɗan ya riga ya zama zaɓaɓɓen mataimakin shugaban ƙasa. Suna da harshen Indonesiya da duk kalmominsa na siyasa, suna da ashar ta Surabaya, sun kuwa yi amfani da su. Amma abin da ya fi kama bakin jama'a shi ne habaicin da sai wanda ya san kunun fari da ja zai gane, kalma ɗaya mai nufin ɗaukaka. Da yammacin ranar 22 ga Agusta shugabannin majalisa suka sanar cewa an fasa zartar da gyaran dokar, sunan Mulyono kuwa bai koma inda iyayensa suka ajiye shi ba, har bayan da ya sauka daga mulki a watan Oktoba masu sukarsa da shi suke kiransa.